Daminar Jan Iri

Ruwan fari na bana ya same ni a ƙofar ofis, ina fama da babur ya ƙi tashi. Tun hantsi gari ya ɗaure, ganye ko motsi ba ya yi. Can bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso tana kwasar leda da karare, kafin in sake taka babur ɗin ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu. Na jingine shi na koma ƙarƙashin baranda. Ƙamshin nan da ƙasa take yi idan ta daɗe da ƙishi ya cika mini hanci, kuma duk lokacin da na shaƙe shi sai hankalina ya koma shekarar korona, shekarar da na yi bazara guda ina kwana ɗaki ɗaya da buhunan irin wake waɗanda ba nawa ba.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun noma a Damagaram. An gama darussa, abin da ya rage mini shi ne aikin bincike, wanda muke ce wa memwar. Malamin da yake duba aikina, Dokta Mamman, ya sa ni cikin wani shiri na gwada sababbin irin wake masu nuna da wuri. An tsara cewa idan damina ta faɗi za mu yanki ƙananan filaye a Icirnawa da Dawce da Tsauni, mu auna su da igiya, kowane iri da filinsa, taki daidai, feshi daidai, da kaka a ɗora a sikeli a ga wanda ya fi. Da yake ni ƴar Matameye ce, sai Dokta ya sa motar shirin ta sauke irin a gidanmu tun da wuri, don ya zama kusa da gonakin. Ba a daɗe da haka ba rediyo ya ce an rufe makarantu.

Na dawo gida da jakata da kwamfutata, wadda muke ce wa ordinata, ina zaton hutun ƴan makonni ne. Tun a tasha na ga abin ya canza. Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe suna yi mini sannu da zuwa daga nesa, don an ce cutar a manyan garuruwa take. Wata maƙwabciyarmu ta janye ɗiyarta da ta rugo za ta rungume ni. Ban ga laifinta ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Inna kuwa ta riga ta ajiye bokiti da sabulu a zaure, ta ce in wanke hannu har gwiwa kafin in shigo. Ina gamawa ta rungume ni, wankin bai hana ta komai ba.

Babana tela ne, shagonsa yana bakin kasuwa. Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yi salla a gida ba sai idan ciwo ya kwantar da shi. Da aka ce a dakatar da jam'i a masallatai, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya tsaya gaba, ni da Inna muka tsaya baya. Ranar farko muryarsa ta yi rawa a Fatiha. Da ya sallame bai juyo ba, ya daɗe yana kallon bango.

Azumi ya shigo a tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin ƙasarmu a wannan lokaci ya san abin da nake faɗi. Tun rana ba ta ɗaga ba bangon ɗaki ya ɗau zafi, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu, kaji su buɗe baki su lafe a gindin turmi. Kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya, ƙanƙara ta zama sai mai rabo. Inna takan jiƙa zane ta rataya a ƙofar ɗaki, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Da azahar unguwa takan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya. A sauran shekaru watan azumi shi ne kakar tela, Baba ba ya samun sukunin miƙe ƙafa saboda ɗinkin salla. A wannan shekara keken ya yi shiru. Iyakar Nijeriya a rufe, kasuwa ta ci rabi, wanda ya samu abin hannu hatsi yake saye ba atamfa ba. Sai Baba ya kwaso ƙyallayen da suka taru masa shekara da shekaru, ya shiga ɗinka takunkumin hanci. Wasu su saya, wasu su yi masa dariya su ce cutar masu hawa jirgi ce.

Ni kuwa wani abu ya same ni wanda a lokacin ban san sunansa ba. In buɗe ordinata in zuba mata ido, ko layi ɗaya ba na iya rubutawa. Abinci ya fita raina, ko da an sha ruwa sai in kurɓi kunun tsamiya in ture sauran. A waya abokan karatuna kowa da kukansa. Wata ta ce abin da ta shuka a tukwane ya bushe don ba mai shiga ya ba shi ruwa. Wani ya ce mutanen ƙauyen da yake yi wa tambayoyi sun ce kada ya sake zuwa, suna zargin shi ne mai nuna waɗanda za a kwashe a killace. Ni ce ta farko a gidanmu da ta yi nisa haka a boko, kuma ga shi ina bakin gaɓa kogin ya tafi da kwalekwalen. Inna ba ta tambaye ni komai ba. Wata safiya dai ta miƙo mini taɓarya ta ce hannunta yana ciwo. Na san ƙalau hannun yake. Daga ranar surfe da daka suka dawo kaina, da tankaɗe, da ɗebo ruwa a pampo kafin layi ya yi tsawo. Gajiyar ta fi mini zaman.

Buhunan suna jingine a kusurwar ɗakina a kan katako. Da wake ya yi tsada a kasuwa, Inna ta leƙo wata rana tana wasa, ta ce ga wake har rufi amma ana shan ruwa ba ƙosai. Na kwance bakin buhu ɗaya na nuna mata. Kowace ƙwaya ja ce jawur, an turare ta da maganin ƙwari, wanda idan ya shiga cikin mutum ko dabba sai dai wani ikon Allah. Ta ja da baya tana a'uziyya, ta ce in ɗaure. Tun daga ranar ko kaza ba ta bari ta gifta ƙofar ɗakin.

A goman ƙarshe na azumi Gwaggo Hajara ta zo daga Icirnawa. Yayar Baba ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ƴaƴanta maza biyu, Lawali da Habu, cirani suke zuwa kowace shekara bayan kaka, ɗaya Kano ɗaya Legas, su bar mata matansu da yara. Kafin ruwa ya sauka sukan dawo da abin sayen hatsi, su kama noma. A wannan shekara can ma an kulle garuruwan, aiki ya tsaya, hanya ta toshe, ba su zo ba kuma ba aike. Da na ga Gwaggo sai da na sake dubanta. Mace ce mai jiki, amma zanen da ta ɗaura ya zagaye ta har ya yi saura. Da aka sha ruwa ta ci kaɗan a hankali, sauran ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce na jikoki ne.

Sai bayan an yi salla ta dubi Baba ta ce, "Hamisu, mun taɓa iri."

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba a kai hannu ga iri sai rumbu ya zama fayau, kuma wanda ya ci irinsa ya ci daminarsa. Ta ce ba gidanta kaɗai ba ne. A unguwarsu gidajen da mazansu suka maƙale a kudu suna da yawa, mata ne da tsofaffi da yara. Na hatsi wasu sun rage ɗan abin da za a yafa, na wake kuwa ya daɗe da shiga tukunya.

Ɗakina ta kwana. Ta ga buhunan, ta tambaya, na yi mata bayani. Ta gyaɗa kai kawai. Da safe Baba ya auna mata abin da ya samu na hatsi, ta ɗora a ka ta tafi, ba ta sake waiwayar kusurwar ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Na sami Baba a shago na ce masa ina so in ba su irin. Ya tsayar da keke, ya cire tabarau, ya ce ya fi ni son haka, yayarsa ce ciki ɗaya. Amma kayan amana ne, an ajiye a gidansa ne don an yarda da shi. In nemi mai shi.

Neman mai shi kuwa shi ne aikin. Dokta Mamman ya tafi taro Yamai aka rufe birnin yana ciki. Da farko yakan amsa saƙo, ya ce mu yi haƙuri mu ci gaba da karatu. Daga baya sai shiru. In kira, a ce wayar a kashe take. Aka buɗe masallatai kafin azumi ya ƙare, Baba ya fita tun ba a kira salla ba kamar yaron da aka yi wa sabuwar riga. Aka yi salla ƙarama da tsofaffin kaya. Har makarantu aka buɗe, amma namu aikin bai buɗe ba. Da na kira ofishin shirin, aka ce masu ba da tallafin daga waje sun dakatar da duk wata fita ƙauye, mota tana ajiye, maganar iri kuma ba mai iya yanke ta sai Dokta.

Hadari ya fara haɗuwa. Kullum da yamma gabas ta yi duhu, a kwashe shanya, a kife turmi, sai iska ta watsa shi. Aka ce an yi ruwa a Dawce, mu ko ɗigo. Ina tausayin masu jiran ruwa, amma a ƙasan zuciyata ina tsoron saukarsa, don na san ranar da ya sauka ba ni da amsar da zan ba kowa. Ranar da ya zo kuwa bai yi wasa ba. Ya fara da la'asar, indararo ya yi ta zuba, muka tara duk wani bokiti da kwano da ke gidan. Washegari tun da sassafe gari ya fashe, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙorai a hannu, kowa ya nufi gona. Ni ina zaune a bakin ƙofa da waya.

A ranar ne wata abokiyar karatuna ta samo mini lambar matar Dokta ta hannun wata ƴar uwarta. Nan take na kira. Hajiya ta ɗauka, na faɗi ko ni wace ce. Ta ce cutar ce ta kama shi, ya daɗe a likita, har an fid da rai, amma Allah ya tashe shi, yanzu yana gida. Ba ya iya doguwar magana. Na ce to a gaishe shi, zan sake kira. Sai na ji wata murya can ƙasa tana cewa a ba shi.

"Salamatu, an yi ruwa?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"An yi, Malam. Ƙasa ta jiƙu sosai."

Na gaya masa halin da ake ciki, na Gwaggo da na sauran matan. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, kamar mai hawan tudu da kaya.

"Kin san gwajinki ya lalace ke nan," in ji shi. "Ba awo, ba taki, kowace gona da halinta. Shekara za ki ƙara."

"Na sani, Malam."

"To ki shuka. Idan an tambaya ni zan amsa. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki bar ko ƙwaya ɗaya ta kwana a gidan kowa. Gidan da ke da yunwa ba a ajiye masa guba."

Tari ya sarƙe shi, Hajiya ta karɓi wayar. Na ajiye tawa, na kifa kai a gwiwa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Inna ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce in tashi in gaya wa Baba, ƙasa ba ta jiran mai kuka.

Baba ya rufe shago. Maƙwabcinmu ya ara mana amalanken shanu, muka ɗora buhunan, Inna ta haɗa mana garin rogo da ƙuli-ƙuli da sabulu. Hanya duk taɓo, shanun suna tafiya suna zamewa, kwaɗi suna ta kuka a kududdufai. Muna isa Gwaggo ta aika aka tara matan a gindin wata tsamiya, tsofaffin unguwa suka zauna gefe. Na yi bayani iyakar iyawata. Wasu suka ce a auna wa kowa nata ta kai gida, gobe ta shuka da kanta. Na ce ba zai yiwu ba. Fuskoki suka canza, wata ta ce ashe ba a yarda da su ba ne. Sai Zuwaira, matar Habu, wadda take goye da jariri, ta yi magana a hankali ba ta ɗago kai ba. Ta ce idan aka wanke shi sosai, aka sake ruwa, jan ba ya fita?

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Uwata, ba da wasa ta tambaya ba."

Na ce jan yana fita, maganin ba ya fita, ya riga ya shiga cikin ƙwayar. Gwaggo ta miƙe ta ce to magana ta ƙare, gayya za a yi. Za a bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, iri yana hannuna, abin da ya rage da yamma a kulle shi a ɗakin mai gari. Ba wadda ta sake musu.

Haka muka yi. Tsofaffin da ke da sauran ƙarfi suka ɗauki sungumi suna sara, Baba a cikinsu. Hannun da ya saba da almakashi bai kai azahar ba ya yi bororo ya fashe, ya naɗe shi da ƙyalle ya ci gaba. Mata suna biye, a jefa a rami a take da diddige. Ba mu da safar hannu, sai muka ɗaura leda, kowa kuma ya sa takunkumin Baba saboda ƙurar maganin. Matan suka yi ta dariya, wai abin da suka ƙi sawa don korona ga shi sun sa don wake. Masu shayarwa ba su taɓa jariri sai na tsaya a kansu sun wanke hannu da sabulu. Iri kala-kala ne, ban so su gauraya ba, don haka kowace gona kala ɗaya na ba ta, Baba ya yaga ƙyalle ya ɗaura a kan sanda a bakin gonar, mai shuɗi daban, mai rawaya daban. Inda aka riga aka yafa hatsi muka bi tsakanin layuka, inda ba komai muka cika da wake zalla. Da rana ta take mu zauna a inuwar gawo, a jiƙa garin rogo a ƙwarya ɗaya, kowa ya sa hannu. Ba ya isa, amma ba mai faɗi. Ranar da muka zazzage buhu na ƙarshe, na tara buhunan na ƙone su, don kada wani ya zuba abinci a ciki.

Baba ya koma Matameye, ni na zauna wurin Gwaggo. Nan na san abin da ake nufi da tsakiyar damina a gidan da rumbu ya ƙare. Gari ya yi kore shar, ko'ina kyau, ciki kuwa ba komai. Furar safe ruwa ce tsululu, kana ganin gindin ludayi. Da yamma a tsinko tafasa a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli idan akwai. A haka ake noman fari. Mace ta yi layi ɗaya ta tsaya ta dafa hauya, idonta ya daina ganin duhu, sannan ta ci gaba. Yara ba su cika kuka ba, kwanciya suke yi, kuma kwanciyar ta fi kukan tayar da hankali.

Waken ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Kowace safiya in zagaya gonakin in ga ganyen ya langaɓe, in dawo ban iya haɗa ido da kowa ba. Na riƙa tunanin idan ya mutu na ja wa matan nan wahalar banza da ɗan ƙarfin da ya rage musu. Gwaggo ta lura, ta ce ni na kawo iri, ba ni na kawo sama ba, in bar wa Mai sama aikinsa. Da ruwan ya dawo kuwa ya dawo da ƙarfinsa. Cikin ƴan kwanaki waken ya miƙe ya yaɗu, muka fara tsinkar ganyen ƙasa-ƙasa muna haɗawa da tafasa. Da ya yi fure ƙwari suka zo, ba maganin feshi, sai muka daka ƴaƴan dogon yaro muka jiƙa, muka tace, muna yayyafawa da tsintsiya. Ɗacinsa ya kama hannuwanmu har abinci yana ɗaci.

Ba duka aka tsira ba. Da marka ta kankama ruwa ya yi yawa a shekarar, katangar Gwaggo ta baya ta zube, gonakin da ke kwari suka nutse. Kalar da muka sa wa ƙyalle mai rawaya ba ta jure ba, ta ruɓe a tsaye, gidaje da dama suka tashi ba komai. Amma mai shuɗin ƙyalle da wani ɗan fari suka yi abin da ban zata ba. Hatsi ko kai bai gama fitarwa ba, su har sun cika kwanso.

Ba na manta tukunyar farko. Zuwaira ce ta shigo da ƙwarya cike da ɗanyen wake, ko ɓarewa ba a yi ba aka zuba a tukunya da gishiri da ƴar kanwa. Ƙamshin ya tashi, yaran da suke kwance suka taso suka kewaye murhu. Gwaggo ta hana kowa taɓawa sai da ta ɗebi kwano ta aika gidan da gonarsu ta nutse. Sannan aka juye a faranti, muna zuƙe kwanson muna yarwa, yana ƙona mana baki ba mu damu ba. Ba mu ɗago ba sai da farantin ya koma fes. Ranar na ji ƴar Lawali tana waƙa a bayan ɗaki, sai a lokacin na tuna tun zuwana ban ji yaro ya yi waƙa a gidan ba.

Ana cikin tsinkar waken Habu ya dawo. Ta daji ya biyo, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa, ba abin da ya riƙo sai leda ɗaya da riga a ciki. Wata mata ta gan shi zaune a bayan gari ya kasa shigowa, ta zo ta faɗa. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Da suka shigo ya durƙusa zai fara ba da haƙurin dawowa hannu wofi, ta katse shi.

"Ka zo da ƙafafunka?" ta ce. "To zauna ka ci. Gobe akwai tsinka."

Ya ci yana share ido da bakin riga. Lawali sai bayan kaka ya samu hanya, shi ma lafiya lau. Matan da suka samu suka ware iri tun kafin su ci su ƙoshi, suka ba waɗanda gonarsu ta nutse, aka zuba a jarka aka toshe. Wannan karon fari ne tas, ba ja.

Shekarar da Dokta ya ce zan ƙara na ƙara ta. Ya dawo Damagaram a rame, yana hawa bene yana hutawa. Ya amsa tambayoyin ofis kamar yadda ya yi alkawari, ban san me ya gaya musu ba, ba a dai taɓa kirana ba. Ya karanta ɗan abin da na iya rubutawa a kan gonakin matan, ya ce ba shi ne binciken da muka tsara ba, amma bincike ne, mu gyara shi. A kansa na tsaya gaban malamai na kare aikina, Baba yana zaune a baya da babbar riga, bai ji ko kalma ɗaya ta Faransanci ba amma yana ta gyaɗa kai. Wasu daga cikin abokan karatuna ba su dawo ba sam, wata ta yi aure, wani ya kama kasuwanci. Yanzu idan ana hira aka ambaci korona, matasan ofishinmu dariya suke yi, su ce hutu ne aka samu. Takunkuman Baba da suka rage Inna ta mai da su abin sauke tukunya.

Kwanakin baya na shiga kasuwar Matameye sayen cefane, na tsaya wurin wani dattijo mai awo. Cikin buhunansa na hango wani ɗan farin wake ƙanana mai baƙin ido, na ɗebo a tafin hannu ina juyawa. Na tambaye shi sunansa. Ya ce ɗan korona ke nan, daga wajen Icirnawa ake kawo shi, yanzu har Tsauni an ɗauka. Ya ce Turawa ne suka sauke shi a jirgi a shekarar cutar, wai asali magani ne, mutane suka gwada shukawa ya yi. Kafin hatsi ya nuna an ci shi an ƙoshi.

Na ce ashe haka aka yi.

"Madam, da ganinki ba ki san noma ba," in ji shi, "amma ki kai gida ki gwada, za ki dawo ki ba ni labari."

Na ce masa to. Ya auna mini tiya biyu, ya ƙara gyara.